Dillancin fili a Kazaure: abin da ya hana ni ajiye sana'ar

1/ Jiya wani ɗan ajinmu ya ga na ɗora hoton fuloti a sitatus, sai ya turo min saƙo: "Kai dai ka huta, kana karatu kana kwasar la'ada." Na yi dariya har na ƙware. Na ce bari in yi zare guda a kan wannan hutun da ake cewa na yi, ko wani mai shirin shiga harkar zai amfana. Zai yi tsawo fa, ku gyara zama 🧵

2/ Ni ɗan Kazaure ne, ina karatu a jami'a a Kano. Ba da niyya na shiga dillanci ba, yajin aikin ASUU ne ya jefa ni. Ranar 14 ga Fabrairu 2022 aka ce mu je gida na sati huɗu. Waɗanda suka sani sun sani, wata takwas muka yi, sai tsakiyar Oktoba aka janye.

3/ Watan farko na yi barci. A na biyu na haddace duk wanda ke wucewa ta ƙofar gidanmu da lokacin da yake dawowa. Ana shiga na uku Umma ta fara yi min kallon nan da ake yi wa ƙaton da ke cinye ɗumamen ƙannensa. Ba ta ce min komai ba. Baffa ta kira.

4/ Baffa ƙanin Abbanmu ne, kuma tun rasuwar Abba shi ne uba a gidan. Dillalin filaye da gidaje ne tun kafin a haife ni. Ofishinsa benci ne a gindin darbejiya a bakin titin Kano zuwa Daura, sai babur, sai igiyar awo, sai 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba. Ya ce, "Ɗan boko, gobe bayan asuba ka same ni. Ka sako takalmin da ba ka so."

5/ A daren nan na yi lissafi. La'adar sayar da fili yadda aka saba a wajenmu biyar ce cikin ɗari. Fili na miliyan biyu, dubu ɗari kenan. In na sayar da biyu a wata… wallahi kafin in yi barci har na zaɓi wayar da zan saya da kalarta.

6/ Wata biyar na yi ban ga ko sisi ba.

7/ Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, fili ɗaya yakan zama yana hannun dillalai biyar. Mai filin ya gaya wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya gaya wa wani a majalisa, shi kuma ya gaya wa Baffa, mai saye ma ya zo da nasa dillalin da ƙanin matarsa. In ciniki ya faɗa, la'adar sai ta koma kamar kan sa a gidan yawa. Kowa ya taɓa, ba wanda ya ƙoshi.

8/ Ga masu saye kala-kala. Akwai wanda zai sa ka ƙona mai har Roni, ya zagaya gona hannu a baya kamar kwamishina, ya ce "zan yi shawara", daga nan lambarsa ta daina shiga. Akwai wanda ko kuɗin bulo ɗari ba shi da su, kawai yana son ya ji farashi ya ji daɗi.

9/ Wanda ya fi ciwo shi ne mai zagaye. Ka kai shi, ka nuna masa, ka haɗa shi da mai fili, su gaisa. Bayan sati biyu ka wuce ka ga an sauke yashi. Ashe da daddare ya koma sun gama a tsakaninsu. Karon farko da aka yi min haka kwana biyu ban fita ba. Baffa da na gaya masa sai ya ce, "To ai ka shiga sana'a kenan. Barka."

10/ Kuɗina na farko ba ma daga fili suka fito ba. Poli ba ta cikin yajinmu, ɗaliban Hussaini Adamu suna nan suna neman ɗaki. Na samar wa wasu samari biyu ɗaki na dubu sittin a shekara. La'adar haya goma cikin ɗari, dubu shida, muka raba da wanda ya haɗa ni da mai gidan. Dubu uku. Na kai wa Umma dubu biyu, ta riƙe su tana ta sa albarka kamar kujerar Makka na biya mata.

11/ A watannin nan ne na fara lura da Baffa sosai. Mutumin nan zai yi sati uku ba ciniki, amma kullum bayan asuba sai ya goge babur ɗinsa tas, ya sa hula mai kyau, ya zauna a benci ya fara kira. "Alhaji an tashi lafiya? A'a ba komai, gaisuwa ce." Mutum goma sha a rana, kuma yawancinsu ba maganar fili.

12/ Na ce, "Baffa, wai kai ba ka gajiya?" Ya ce, "Ciniki goma ake ɗaurawa ɗaya ya haihu. In ka zauna makokin taran, wa zai karɓi haihuwar na goman?" Sai ya ci gaba da danna waya.

13/ Ni da na saba jin masu lakcar ƙarfafa gwiwa a TikTok, masu cewa ka tashi ƙarfe huɗu ka kalli madubi ka ce kai miloniya ne, sai na ga nasa daban ne. Shi bai taɓa cewa yau za a yi ciniki ba. Yana dai shirya kansa ne yadda in cinikin ya zo ba zai same shi a kwance ba.

14/ Daminar 2022 kowa a Jigawa ya san yadda ta kasance, ambaliya ta ci garuruwa a wajen Ringim da Haɗeja, mutane suka koma makarantu da zama. Mu ma a nan ɓangaren ruwa ya kwanta a wuraren da ba a zata ba. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na je duba wani fuloti da muke tallatawa. Na tarar agwagi suna iyo a cikinsa.

15/ Filin nan a watan Afrilu na auna shi da hannuna, ƙasa a bushe ƙamas. Sai na ciro waya na ɗauki bidiyo, don in nuna wa Baffa mu yi dariya. Daga ranar ya zama min ɗabi'a. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa sai in hau babur in zagaya filayen da ke hannunmu in ɗauka, in rubuta kwanan wata da wuri a wani littafi mai layi.

16/ Littafin nan shi ne jarina har yau. Kowane fili da shafinsa: waye mai shi, saye ya yi ko gado ne, su waye maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa, akwai hanya ko sai an roƙi maƙwabci, ruwa na kwanciya ko yana wucewa, awon igiya ne ko awon gwamnati.

17/ Bari in tsaya a nan kaɗan saboda masu turo min "ina da dubu ɗari takwas, a samo min fili". Takardar da ake rubutawa a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, shaidar ciniki ce, kuma tana da muhimmanci ƙwarai. Amma ba ita ce C of O ba. A dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, mu haƙƙin zama da amfani muke riƙewa.

18/ Awon igiya ya fi araha saboda mai gona ne ya yanka gonarsa da kansa. Wani ya bar titi mai kyau, wani kuwa don ya fitar da ƙarin fuloti biyu sai ya bar lungun da ko amalanke ba za ta juya ba. In kuma a ƙauye ne ka tambaya ko burtali ya bi ta wurin, kada ka wayi gari kana shari'a da shanu.

19/ Filin gado kuwa, kada ka yarda da "ni ne babba, na isa da kowa". Ka tambaya an raba? Wa ya raba? Matan gidan sun sani? Matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, 'ya'ya mata suna da kasonsu. Na ga cinikin da aka gama aka yi addu'a, bayan wata huɗu wata ƙanwa da ke aure a Daura ta zo ta ce ba ta sayar ba. Kuma gaskiyarta ce.

20/ To mu koma labari. Abin da na gano a shekarar farko shi ne dillalin fili ba ƙasa yake sayarwa ba. Ƙasa tana ko'ina. Gobe yake sayarwa. Ka tsaya da mutum a tsakiyar karan dawa ka ce masa nan titi zai bi, can za a kawo wuta, nan da shekara biyar ba za ka gane wurin nan ba.

21/ Kuma a yankinmu muna da goben da za mu nuna. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A shekarar dai aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Waɗannan ba ƙarya ba ne.

22/ Amma ku zo ku ji yadda ake sarrafa su a bakin benci. Kowane fili a Kazaure "kusa da tasha" yake. Kowace gona a ƙasar Babura "bayan jami'a" take, ko da kuwa sai ka yi rabin awa a kan babur cikin yashi kafin ka hango katanga. Na taɓa jin wani yana rantsuwa wai daga filinsa za ka riƙa jin ƙarar jirgi. Na ce a raina, daga Roni ma in iska ta juyo za a ji.

23/ Akwai kuma dabarar da ake kira najashi a fiƙihu: a sa wani ya zo da babbar riga ya taya filin da tsada a gaban mai saye, alhali ko kuɗin komawa gida ba shi da su. Malamai sun ce haramun ne, kowa ya sani, kuma ana yi. An taɓa cewa in sa shadda in zama "yaron Alhaji daga Abuja". Na ce fuskata ba ta yi kama da Abuja ba, aka yi dariya aka bar ni.

24/ Da aka koma makaranta sai na mayar da harkar ta ƙarshen mako. Juma'a da yamma in hau mota zuwa gida, Lahadi in dawo da ƙura a gashin ido. Farkon 2023 na ɗaure cinikin gona a ƙasar Gwiwa, babba, irin wanda zai sa in daina cin garau-garau bashi. Mai saye ya shirya, mai gona ya sallama.

25/ Sai ga canjin kuɗi. Kun tuna lokacin da mutum ke kwana a layin banki don dubu biyar. Mai saye ya ce zai yi transfa. Dattijon mai gona ya ce shi bai san wani alat ba, gonar da ya gada daga ubansa ba zai bayar a kan rubutu a waya ba, a zube masa kuɗi a tabarma ya ƙirga. Sau uku ina zuwa. A na ukun ya ce ya fasa, zai noma abarsa.

26/ A Gwiwa gwiwata ta yi sanyi. Eh na sani, abokaina sun riga ku yin wannan barkwancin, wata guda suna yi min.

27/ Ban gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu. Lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500. Zuwa nuna fili ya zama abin da sai ka yi istihara. Muka fara cewa mai son gani ya sa mai, rabin kwastomomin suka ɓace, wanda a gaskiya ya nuna mana su waye dama ba saye za su yi ba.

28/ Yanzu ga abin da ya sa na yi zaren nan. Farkon 2024, cikin hunturu, kuɗin rajista ya ƙaru kamar yadda ya ƙaru a jami'o'i da yawa, kuma an sa ranar rufewa. Abin da ke hannuna bai kai rabi ba. Sai Allah ya kawo wani dattijo daga Roni, malamin firamare ne da ya yi ritaya, an biya shi giratuti.

29/ Burinsa ya sayi fuloti biyu a gefen Kazaure, ya gina ɗakuna ya ba ɗalibai haya, ya samu abin cefane shi da iyali har ƙarshen rayuwa. Yana zuwa da wata tsohuwar jaka da takardu a ciki, komai sai ya rubuta. Shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, abin da ya fito da shi kenan a jakar nan.

30/ Akwai fuloti biyu a jere a hannun wani abokin Baffa, miliyan uku duka. La'ada daga ɓangare biyu dubu ɗari uku, mu huɗu ne a layin, kowa dubu saba'in da biyar. In na haɗa da abin hannuna rajista ta fita har da canjin mota. Muka kai Malam ya gani. Wuri a shimfiɗe, ga iska, ga turakun wuta ana hangowa. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, nan ya kwanta min."

31/ Ni kuwa tun da muka sauka daga babur cikina ya ɗuri ruwa, don na gane wurin. Yana shafi na goma sha ɗaya a littafina. Ina da bidiyonsa na Agustan 2022 da na Agustan 2023. A duka biyun ruwa ya kai gwiwar yaron da ke wucewa da akuya.

32/ Daren nan ban yi barci ba. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne kawai ya cika min zuciya. Lissafi nake yi. Ina cewa ai ana cikowa da ƙasa, ai kowa da ya saya a kwari haka yake yi, ai ba ni na ce masa ruwa ba ya kwanciya ba, ai wataƙila a yi magudana. Duk wani "ai" da Shaiɗan ya tanada sai da na gwada shi.

33/ Abin da ya kayar da ni shi ne na san kuɗin Malam. Ya nuna min lissafinsa da hannunsa. Bayan fili abin da zai rage masa na bulo ne da kwano, a lokacin da siminti ke tashi kullum. Ba shi da kuɗin tifa ashirin ta ciko. In ya gina a haka, daminar farko ɗaliban za su gudu, ta biyu katanga ta fara tsagewa.

34/ Ranar da za a ba da kafin alƙalami na riga kowa zuwa tasha na tare shi. Na ce, "Malam, akwai abin da nake so ka gani kafin mu ƙarasa." Na miƙa masa waya. Ya ciro tabarau ya kalla, ya sake kalla. Ya ce, "Ɗana, wannan wurin jiya ne?" Na ce shi ne, ga bishiyar can, ga turken wuta.

35/ Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Su sauran sun sani?" Na ce ban san abin da suka sani ba, ni dai ga abin da na sani. Ya mayar da tabarau aljihu ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya jiƙan mahaifinka." Ya tsallaka titi ya hau motar Roni. Ko benci bai ƙarasa ba.

36/ Abin da ya biyo baya ba daɗi. Abokin Baffa ya zo har ƙofar gida yana faɗa, wai an kawo ɗan boko ya zo yana yi musu wa'azi da waya, wai na cire wa mutum uku abinci a baki. Kuma ta wani ɓangaren ba ƙarya ya yi ba, ɗaya daga cikinsu matarsa na asibiti a lokacin. Wannan har yau yana damuna.

37/ Baffa bai yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Bayan isha'i ya ce, "Ni ban taɓa cewa ka yi ƙarya ba. Amma ba a tambaye ka ba." Na ce, "Baffa, a Islamiyya an koya mana in ka san aibin kaya dole ka faɗa, ko an tambaya ko ba a tambaya ba." Ya ce, "Na sani. Da ni ka fara gaya wa, da na san yadda zan janye mu ba tare da an yi maka taron dangi ba."

38/ Nan kam ya fi ni gaskiya. Na yi abin da ya kamata ta hanyar da ta bar shi da jin kunya a gaban mutanen da ya yi shekara talatin yana zama da su. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Amma kusan wata uku in na zo benci sai hira ta mutu, kuma ba wanda ya ƙara sa ni a layin wani ciniki.

39/ Masu jiran su ji cewa Malam ya dawo ya sayi wani filin ta hannuna, ku yi haƙuri, ba fim ba ne. Na ji daga baya ya saya ta hannun surukinsa. Fulotan nan biyu kuma bayan sati uku aka sayar wa wani mutum daga Kano, ba da ni ba. Ban san shi ba, ban san ko an gaya masa ba.

40/ Rajista kuwa, Umma ce ta sa aka kai tunkiyarta kasuwa. Tunkiyar da take kiwo tun tana 'yar ƙarama, ga ciki. Ban sani ba sai da ta miƙo min kuɗin a ƙulle a leda. Na ce Umma don me? Ta ce, "Kai dai je ka biya. Da ka kawo min wancan kuɗin ma ba zan ci ba." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Sauran ba sai na faɗa ba.

41/ A nan ne na yi niyyar ajiyewa. Na ce sana'ar da in ka yi shiru ka cuci wani, in ka yi magana ka cuci uwarka, me ake da ita? Na kusa yaga littafin. Wata biyu ban je gida ba, na ce karatu ya yi zafi.

42/ Abin da ya dawo da ni ba wani babban abu ba ne. Ruwan farko ne. Ina hostal aka yi ruwa da daddare, da asuba na farka da tunanin ko yaya shafi na ashirin da uku ya kwana, wani fili ne a hanyar Roni da ban taɓa samun bidiyonsa ba. Na kira ƙanina na ce ya hau keke ya ɗauko min. Da ya turo na ga ruwa ya wuce bai tsaya ba, sai na ji wani daɗi kamar filina ne.

43/ Sai na gane ashe ni ma ina da goben da na yarda da ita, ba irin ta bakin benci ba. Na yarda garin nan zai faɗaɗa ko jirgi ya zo bana ko ya ƙara shekaru, don kullum ana haihuwa ana aure, ɗalibai na zuwa. Na yarda cikin masu saye akwai waɗanda suka gaji da a rufe su. Ban san yawansu ba. Na dai yanke cewa su zan jira.

44/ Sai na canza salo. Duk filin da zan ɗora, hoto biyu nake sawa, na rani da na damina, da kwanan wata. In ba ni da na damina sai in rubuta ba ni da shi. Wasu masu filaye sun janye nasu daga hannuna. Wani ya ce min, "Kai dillali ne ko ɗan jarida?" Filayen da nake da su suka ragu sosai, har yanzu ba su koma yadda suke ba.

45/ Wajen ƙarshen daminar wata mata ta kira ni, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Babura da ke aiki a Kano. Ta ce, "Kai ne yaron nan mai bidiyon ruwa?" Ban san wa ya ba ta lambata ba, na tambaya ta ce a wani guruf aka turo. Ta ce shekara shida tana adashi, kuma an taɓa cinye wa yayarta kuɗi a fili, don haka ita tsoro take ji.

46/ Wata biyu muna abu ɗaya. Ta sa na kai ta wurin mai unguwa, ta sa na nemo maƙwabta huɗu, ta zo da wanta, ta koma ta zo da mijinta, ta tambayi abin da ko lauya bai tambaya ba. Na ƙona man da ya kusa cinye ribar. A ƙarshe ta sayi ƙaramin fuloti ɗaya, shafi na ashirin da uku.

47/ Ranar da aka rubuta takarda Baffa ne ya zauna a matsayin babba. Da aka shafa fatiha aka watse, ya karɓi littafina yana juya shafuka, ya daɗe a kai. Bai yabe ni ba, Baffa ba ya yabo. Ya ce, "Akwai wata gona a Amaryawa da aka ba ni. In an yi ruwa ka je ka ɗauko min irin abin nan naka."

48/ Don haka mai cewa na huta, ga hutun. A shekara uku cinikin fili da ya faɗa ta hannuna bai kai yatsun hannu biyu ba. Sauran duk haya ce, ɗaki ɗaya, shago ɗaya, dubu biyar, dubu takwas. Wayar da na zaɓa a daren farko har an daina yayinta ban saya ba. Abokin Baffa kuma sai bana ya fara amsa gaisuwata da baki, da da hannu yake amsawa.

49/ Kasona na cinikin ma'aikaciyar jinyar nan na haɗa da na haya biyu na je kasuwa in mayar wa Umma tunkiyarta. Na tarar kuɗin tumaki ya tashi ya bar ni, abin hannuna sai 'yar budurwar tunkiya ya saya, ramammiya, ba ta kai rabin waccan ba. Umma ta zagaya ta, ta duba haƙora, ta ce ba laifi, za ta yi.

50/ Ɗazu ƙanina ya turo min hotonta, wai ta fara nauyi, suna zargin ciki ne. Gobe Juma'a in na fito daga lakcar ƙarfe goma zan wuce tasha. Asabar da safe akwai wani mai shago da zai ga fili a Gada, ya ce shi zai sa mai. Karo na huɗu kenan yana cewa zai zo.